Yadda Marzagu Ya Kuɓuce Mana

Da sunan Wanda ya ɗaga sararin samaniya ba tare da ginshiƙi ba, ya watsa taurari a cikinsa, ya san adadinsu da mazauninsu. Ya ku masu saurare, ku gyara zama. Ni ne Jatau ɗan Korau, mutumin duniyar Jan Yashi, wanda ya bar gidan ubansa da ƙuruciya don neman ilimin hanyoyin sama. Na ga tekun da ruwansa ke tsaye kamar bango. Na ci kasuwa a gadon bayan wani kifi mai iyo tsakanin taurari. Na sha ruwan rijiyar da ke rataye a sama, wadda ake jefa mata guga da majajjawa. Duk waɗannan idan na tuna su murmushi nake yi. Amma akwai labari ɗaya wanda ko abinci nake ci ya faɗo mini sai na tsame hannu, kuma shi zan ba ku yau, domin an dame ni da tambayar yadda aka yi Marzagu ya tsere bayan an ragargaza rundunarsa. Mawaƙa sun ce sihiri gare shi. Ƙarya suke yi. Ina wurin.

Abin da ya fitar da ni daga gida Babbar Taswira ce, wadda aka ce babu hanyar da kumbo ya taɓa bi da ba ta cikinta. Shekara ashirin da uku ina cigiyarta kafin na ji cewa tana hannun mutanen Tagwayen Watanni. Na kama hanya, saura tafiyar kwana shida in isa, 'yan fashin Marzagu suka tare ni, suka ja ɗan kumbona kamar an ja akuya.

Na ɗauka zan ga ƙaton mutum mai jan ido. Sai aka gurfanar da ni gaban wani siriri mai farar riga, yana yankan farce. Muryarsa a sanyaye, ya tambaye ni gajiya, ya tambayi mutanen gida. A gefensa wani dattijo da aka kamo yana durƙushe da hannu biyu a haɗe, nan Marzagu yake tofa yawu in ya tashi tofarwa.

Ya ce, "Malam, ina aka nufa?"

Na ce, "Tagwayen Watanni."

Ya yi murmushi, ya hure farcen da ke kan gwiwarsa. "Mutanen kirki. Ban taɓa ganin masu ladabi irinsu ba. Ina da baƙinsu dubu huɗu a wurina."

Daga bakin masu gadi na ji sauran. Ya kai hari wani ƙauyensu mai suna Kwarin Gishiri, ya kwashe mutanen kaf, ya zuba su a wani mataccen kumbon dakon hatsi, ya kai shi wani lungu mai duhu ya ajiye. Iskar da ke cikin kumbon ta kwana arba'in ce. Matuƙin da ya raka shi ya kashe shi a hanyar dawowa, saboda haka duk faɗin sama shi kaɗai ya san wurin. Abin da yake so a ba shi Rijiyar Wuta, inda kumbunan ƙasar suke shan mai, kafin ya faɗi inda suke.

Ni dai na san in na zauna tafin hannuna ne zai zama na tofa yawu na gaba. Na lura duk bayan kwana uku suna tara sharar kumbon a manyan ganguna na ƙarfe, su liƙe bakin da kyau, su wurga su waje. Na saci goran numfashi ɗaya, na faki ido na shige ganga, na ja ragowar ƙasusuwa da ruɓaɓɓen hanji na rufe kaina. Kwana ɗaya da yini na yi a ciki ina jujjuyawa a sarari. Ba zan ba ku labarin warin ba, don wasunku yanzu suka ci abinci.

Wani abu ya caki gangar, ya ja ta. Da aka buɗe murfin sai na ga wata tsohuwa ta toshe hanci da gefen mayafi tana leƙe.

Ta ce, "Wannan kuma mutum ne ko mushe?"

Na ce, "Gwaggo, har yanzu dai mutum ne."

Ta ce, "To, kada ka taka mini tabarma sai ka yi wanka sau uku."

Ita ce Gwaggo Tasalla. Sana'arta tsintar tarkacen ƙarfe a sarari, da wani tsohon kumbo mai ƙugiya da doguwar sarƙa. Shekara arba'in tana wannan aiki, kuma abokan sana'arta sun shaida ƙugiyarta ba ta taɓa kuskure ba. Da na ambaci Kwarin Gishiri sai ta ajiye ludayin da ke hannunta. 'Yarta ɗaya tilo, Ladiyo, tana cikin waɗanda aka kwashe, da jikokinta biyu. Ranar da muka isa ƙasarsu kwana goma sha biyu ke nan da tafiya da su. Ta zana layi arba'in a jikin bangon kumbonta, kullum tana goge ɗaya.

Ranar da muka sauka aka kira ni cin abinci a zauren unguwarsu. Yunwa na cina, aka ajiye akushi, na yi bisimilla na kai hannu. Gwaggo ta maka mini ludayi a bayan hannu.

Ta ce, "Kai ɗan nan, a daji aka rene ka? Ba ka ga babba bai sa hannu ba?"

Wannan ita ce al'adarsu, suna kiranta hannun fari. Ƙarami ba ya riga babba taɓa komai, ko abinci, ko sabuwar rijiya, ko ƙofar sabon ɗaki, ko ganimar yaƙi. Wanda ya karya a cikinsu an cire shi daga dangi ke nan, ba a binne shi kusa da iyayensa, ba a sa wa jika sunansa. Da abin ya tsaya nan da na ce tarbiyya ce. Amma ƙasar gida biyu ce, Gidan Gaba da Gidan Baya, kuma kakanninsu tagwaye ne. Gidan Gaba sun ce nasu ya fara fitowa duniya, shi ne babba. Gidan Baya sun ce nasu ne babba, shi ya aiki ƙanensa ya fara leƙo masa duniyar. Shekara ɗari uku suna wannan musu. Idan biki ya haɗa su, tuwo sai ya sandare a akushi, a kwashe a ba dabbobi, kowa ya koma gida da yunwa yana taƙama bai ba da kai ba.

Aka kai ni gaban shugabanninsu, Baba Ƙosau na Gidan Gaba da Baba Tunau na Gidan Baya. Kujerunsu tsayi ɗaya, har da ma'aikacin da aikinsa ke nan, auna su kowace safiya. Na shaida musu cewa sa'ad da nake tsare na riƙa lissafin taurari ta wata kafa, zan iya kai su maɓoyar Marzagu. Na roƙi a buɗe mini ɗakin Taswira in an dawo.

Baba Ƙosau ya ce, "Mun amince."

Baba Tunau ya ce, "Mun riga mun amince." Sa'an nan ya nuna ni da sanda. "Amma muddin kana inuwarmu, al'adarmu taka ce. Baƙon da ya riga babba sa hannu, da rigar wuyansa kaɗai yake barin ƙasar nan."

Na ce, "Ranku ya daɗe, na ji."

Na zaci da asuba za a tashi. Kwana tara aka yi ana shawarar rundunar da za ta shiga gaba. Gwaggo tana zuwa ƙofar majalisa kullum ta durƙusa, a ce mata manya suna magana. A ƙarshe aka yanke cewa rundunonin biyu su jera kafaɗa da kafaɗa, hancin kumbon wannan daidai da na wancan. Tafiyar kwana shida ta ci mana goma, domin da ɗaya ya ɗan gota sai a tsaya a gyara layi.

Ranar kwana na talatin da ɗaya muka iske Marzagu a bakin Maƙogwaro. Maƙogwaro wani rami ne a sarari mai juyawa kamar ruwan kwari, wanda ya shige shi yana iya ɓullowa ta kowanne cikin bakuna dubu, ba mai iya bin sawunsa. A nan ya girke kumbuna ɗari biyu da babban kumbonsa, Baƙar Tukunya.

Ba zan rage musu komai ba, mutanen Tagwayen Watanni sun iya yaƙi. Al'adarsu ta yi sassauci guda, muddin wutar abokin gaba tana ci ba babba ba yaro, sai ta mutu hannun fari yake dawowa. To, a wannan tsakani na ga maza. Igwogi suka yi ta aman wuta shuɗiya da ja har idona ya daina bambance taurari da tartsatsi. 'Yan fashi suka sako wasu ƙudaje na ƙarfe masu huda bango, matuƙan Gidan Baya suka shimfiɗa musu tarun maganaɗisu suka kwashe su. Wani matuƙin Gidan Gaba da kumbonsa ya kama da wuta ya ƙi fita, ya saita shi ya afka cikin rumbun makaman Baƙar Tukunya. Na ga ta kumbura, ta tsage gida biyu, ba ƙara ko kaɗan, domin sarari ba ya ɗaukar sauti. Igwoginsu suka yi shiru ɗaya bayan ɗaya.

Mu muna gefe, aikinmu jawo waɗanda suka jikkata. Gwaggo tana kujerar tuƙi, ni ina kujerar mai duba madubin hangen nesa. Ku riƙe wannan da kyau, ƙugiyar nan maɗauri biyu gare ta, ɗaya a hannun daman Gwaggo, ɗaya a hannun damana, duk wanda ya ja ta tafi.

Sai na hango wani ɗan kumbo kamar kwalekwale ya fito daga cikin ɓaraguzan, injinsa ɗaya yana hayaƙi. Bai yi gudu ba. Ya lallaɓa ya shiga daidai tsakiyar rundunonin biyu, bai fi kusa da wannan ba, bai fi kusa da wancan ba, ya miƙe hancinsa zuwa Maƙogwaro yana tafiya kamar mai zuwa gaisuwar surukai. Na'urar magana ta yi ƙara, muryar nan mai sanyi ta cika kowane kumbo.

"Ina gaida manya biyu. Sannunku da aiki. Ga ni, na miƙa wuya. Wanda ya girma a cikinku ya zo ya kama ni."

Kumbuna ɗari uku suka tsaya cak. Babu wanda ya kai mu kusa da shi. Gwaggo ta riga ta saita ƙugiya, yana tsakiyar idonta. A lissafina, kafin ya kai bakin ramin za a iya dafa shinkafa a sauke.

Ta danna na'ura. "Allah ya ja zamanin manya. Tasalla ce mai ƙugiya. Yana inda sarƙata za ta kai. A ba ni izini."

Baba Ƙosau ya ce, "Tasalla ta wane gida?"

"Ta Gidan Baya, Baba."

"To, in ƙugiyarki ta taɓa shi, Gidan Baya ya riga mu sa hannu ke nan. Ban yarda ba. Ga ni nan tafe da kaina."

Baba Tunau ya ce, "Tafe ina? Ƙosau, tun yaushe ƙane yake riga wansa taɓa ganima? Ke Tasalla, ɗauke hannunki, ni zan kama shi, ba ke ba."

Manyan kumbunan biyu suka yunƙuro lokaci ɗaya, kowanne ya gitta gaban ɗan'uwansa don ya tare shi, har gefunansu suka gogu, suka sarƙe. Maimakon su rabu sai suka shiga jero kakanni. Wannan ya kawo abin da ungozoma ta ce shekara ɗari uku da suka wuce, wancan ya ce ungozomar ai 'yar uwar matar kakanku ce.

Gwaggo ta sake dannawa. "Baba, don Allah. Kwana tara ya rage musu. Ladiyo tana cikinsu da yara. Ba sai an ce ni na kama ba. Ku ce sarƙa ce ta kuɓuce."

Baba Tunau ya ce, "Manya na magana, Tasalla."

Na dubi hannunta. Yana kan maɗaurin, jijiyoyin sun tashi, yatsun sun naɗe shi, amma ya ƙi motsi. Tun tana rarrafe ake buge hannun nan in ya riga na babba, shekara sittin da 'yan kai. Na ga tana turawa da kafaɗa, da dukkan jikinta, gumi yana ɗiga daga haɓarta, hannun yana nan inda yake kamar na wani ne aka ara mata.

Ta juyo ta dube ni. Ta ce, "Malam Jatau."

Iyakar abin da ta ce ke nan. Ko roƙon wani ya karya al'ada, shi ma karyawa ne a wurinsu.

Nawa hannun ma yana kan maɗauri. Ni ba a buge shi ina yaro ba. Ba ni da kabarin dangi a ƙasarsu, ba ni da jikan da za a hana wa sunana. Ja ɗaya ne, bai kai wahalar tsinke ɗanyen zogale ba. Amma sai ɗakin Taswira ya tsaya mini a ido, da shekara ashirin da uku na yawo, da gangar da na kwana a ciki. Na ce a raina yanzu za su daidaita. Na ce ita za ta ja, ai 'yarta ce. Na ce baƙo bai kamata ya shiga tsakanin dangi ba. Kowane dalili na kawo sai in ji ya zauna daidai. Na kawar da kai na manna ido a madubi, na shiga faɗin tazarar da ta rage masa zuwa ramin da ƙarfi, kamar wani ya sa ni.

"Saura zira'i dubu. Saura ɗari bakwai. Ya fita daga sarƙa."

Da ya kai bakin ramin sai na'ura ta sake ƙara. Ya ce, "Tunda manya ba su shirya ba, bari in ɗan zaga. Na gode da karamci." Maƙogwaro ya haɗiye shi.

Ga sihirin Marzagu ke nan, wanda mawaƙa ke kurantawa.

Da aka koma gida aka yi bikin nasara kwana uku. Aka yanka shanu, aka yi kiɗa, aka yi wa Baba Ƙosau kirari da Baba Tunau kirari a lokaci ɗaya don kada wani ya riga wani, har ba a jin ko ɗaya. Abincin ya sandare a akussa kamar kullum, ƙudaje suka samu rabonsu. Ban taɓa jin ƙyamar taro kamar wannan ba. Da na samu Baba Tunau shi kaɗai na kasa haƙuri.

Na ce, "Ranka ya daɗe, mutanen Kwarin Gishiri fa naka ne. Da ka bar Baba Ƙosau ya kama shi, da yanzu suna gida."

Ya dube ni da tausayi, irin kallon da ake yi wa wanda bai da cikakken hankali. Ya ce, "Malam, kai baƙo ne. Ɗan fashi yau yana nan, gobe babu shi. Amma in Ƙosau ya sa hannun fari a gaban runduna, har abada mun zama ƙanne. Gara da ya tafi."

Daga baya na ji Baba Ƙosau ma abin da ya faɗa ke nan, kusan kalma da kalma. A shekara ɗari uku wannan ne karo na farko da bakinsu ya zo ɗaya.

Sun cika mini alkawari tun ana tsakar biki, don sun ce ba su taɓa ganin baƙo mai ladabi irina ba. Aka buɗe mini ɗakin Taswira, su biyun suka tura ƙofar tare. Taswirar ta fi yadda aka ba ni labari, hanyoyi na haske rataye a iska, in ka taɓa ɗaya ta faɗa maka sunanta da wanda ya fara bin ta. Na kwafe abin da zan iya cikin yini ɗaya, na ruga wurin Gwaggo, na ce mu tafi nema. Nan take ta tada inji.

Lungunan duhu da ke cikin Taswira dubu goma sha ɗaya ne. Kumbuna uku kacal suka biyo mu, duk 'yan tsintar ƙarfe. Layukan bango suka ƙare, Gwaggo ta goge na ƙarshe da tafin hannu ta ci gaba da tuƙi. Ranar kwana na hamsin da takwas muka samu kumbon hatsin a bayan wani dutse mai yawo, fitilunsa a mace.

Mun shiga da gorunan numfashi. Mutanen sun jera waɗanda suka fara rasuwa sahu-sahu, sun lulluɓe su da buhunan hatsi. Sahun farko an lulluɓe su da kyau. Na tsakiya rabi-rabi. Na ƙarshe ba wanda ya rage da zai lulluɓe su. Ladiyo tana jingine a jikin ƙofa, yaro ɗaya a cinya, ɗaya a kafaɗa, ta ɗaure su a jikinta da zane.

Gwaggo ta durƙusa ta kwance zanen a hankali, ta shimfiɗa su, ta gyara wa ƙaramar kitson da ya warware. Ta cire mayafinta ta rufe su ukun. Ta daɗe a nan. Ina tsaye a bayanta da kwafin Taswira a cikin riga, ina jin takardun suna mannewa a fatata.

Ba ta juyo ba ta yi magana, kuma ba da faɗa ba.

"Ni a cikin al'adar nan aka haife ni, Malam Jatau. Na ja, Allah ya sani na ja, hannun ne ya ƙi. Kai fa, me ya riƙe naka?"

Na buɗe baki. Na san sunan hanya dubu arba'in a ranar, da nisan kowacce, da wanda ya fara bin ta. Ban samu abin da zan ce mata ba.

Ta ce, "Kama mini ƙafafun Ladiyo. A hankali, ba ta son a ja ta."

Na kama.

Iyakar abin da idona ya gani ke nan, ban ƙara ba, kuma ko da na so ragewa ban rage ba. Wanda zai tsine wa Marzagu ya tsine, wanda zai tsine wa dattawan nan biyu ban hana shi ba. Amma in kun tashi lissafin waɗanda suka buɗe masa hanya, ku ƙirga uku.